Hatimin Uwa da Hatimin Uba: Tarihin Cikin Inabi da Sankarar da Ke Bin Bayansa

Masu kiwon dawaki da jakuna sun riga malaman kimiyya ganin abin da wannan tarihi zai ba da labarinsa, ko da yake ba su sa masa suna ba. In jaki ya hau goɗiya, alfadari ake samu, dogo, mai jure kaya da tafiya. In aka juya, ingarma ya hau jaka, abin da ake haifa ya fi ƙanƙanta, ba a kuma cika nemansa ba. Iyayen dai doki ne da jaki a kowane hali, abin da ya canza kawai shi ne wane ne uba, wace ce uwa. Rumawa sun san wannan bambanci, har suka ba kowannensu sunansa daban. Wani ɓangare na bambancin daga cikin da ɗan ya kwanta ne, domin goɗiya ta fi jaka faɗin mahaifa. Amma tambayar da ke ƙarƙashi ta daɗe tana jiran amsa: shin abin da ɗa ya gada yana tuna hannun da ya miƙo shi? Amsar ba daga barga ta fito ba. Daga ɗakin haihuwa ta fara, inda wani irin ciki ya daɗe yana ruɗa ungozomomi.

Daga ƙarni na 6 zuwa 1276

A ƙarni na 6 miladiyya wani likitan daular Rumawa ta Gabas mai suna Aetiyus, mutumin Amida, garin da ake kira Diyarbakir a Turkiyya yanzu, ya rubuta bayanin wannan ciki. Mace takan ɗauke shi kamar kowane ciki. Sai laulayi ya tsananta, amai ya ƙi tsayawa, ciki ya zarce watanninsa girma, daga nan jini ya ɓalle. Abin da ke fitowa ba ɗa ba ne. Tarin 'yan ƙulle-ƙulle ne masu ruwa garai-garai, manne da juna, kamar nonon inabi ko ƙwan kwaɗi a bakin kududdufi. Larabawa da nonon inabin suka sa masa suna, ni ma a nan cikin inabi zan kira shi.

Abin da ba a gane ba, almara takan shige shi. A ƙauyen Loosduinen kusa da birnin Hague na ƙasar Holan, an ce wata gimbiya mai suna Margaret, matar sarkin Henneberg, ta taɓa wulaƙanta wata almajira mai goyon tagwaye, ta ce mata ba yadda za a yi 'ya'ya biyu su fito daga uba ɗaya. An ce almajirar ta yi mata baki, ta ce Allah ya ba ta 'ya'ya adadin kwanakin shekara. An ce a 1276 gimbiyar ta haifi 'yan mitsi-mitsi 365, aka yi musu wankan coci a tasa biyu, mazan duka aka kira su Jan, matan Elisabeth, kuma su da uwar babu wanda ya kwana. Wannan faɗa ce. Abin da rubutu ya tabbatar shi ne Margaret ta rayu, 'yar'uwar sarki William na biyu na Holan ce, kuma ta rasu a 1276. Zancen 'ya'yan sai a littattafan da aka rubuta bayan ta daɗe a ƙasa ya bayyana. An rataya tasoshi biyu a cocin ƙauyen, matan da ke neman haihuwa suka riƙa zuwa taɓa su, har Samuel Pepys na Ingila ya je ya gani a 1660 ya rubuta a littafin ajiyar kwanakinsa. Likitocin mata na ƙarni na 20 ne suka ce wataƙila cikin inabi gimbiyar ta yi, masu kallo suka ƙirga kowane ƙulli a matsayin ɗa. Hasashe ne mai ma'ana, amma babu wanda zai iya tabbatar da shi yanzu.

1827 zuwa 1928: an gano daga inda yake tsirowa

A 1827 wata ungozoma Bafaranshiya, Marie Boivin, ta fitar da littafi guda a kan wannan ciki, kuma daga zamaninta aka fahimci cewa ƙulle-ƙullen nan saiwoyin mabiyiya ne da suka kumbura da ruwa. Wato mabiyiya ce ta yi girman hauka, ɗa kuma babu. A 1895 masanin cututtuka Bajamushe Felix Marchand ya nuna cewa wata muguwar sankara da ke kama wasu mata bayan ciki, mai saurin bin jini zuwa huhu da ƙwaƙwalwa, daga ƙwayoyin mabiyiyar take tsirowa, ba daga naman uwar ba. Ita ce koriyokasinoma. Kimanin rabin masu ita bayan cikin inabi suke samunta, sauran bayan ɓari ko ma haihuwa lafiyayya.

Ya kamata mai karatu ya tsaya a nan kaɗan. Mabiyiyar kowane lafiyayyen ciki tana yin abin da sankara ke yi: tana kutsawa cikin bangon mahaifa, ta huda jijiyoyin uwa ta buɗe su, ta ɓoye wa garkuwar jiki, ta yi girma da sauri. Bambancin kawai, ita ta san inda za ta tsaya. Duk sauran wannan tarihi neman abin da ke tsayar da ita ne.

Tsakanin 1927 da 1928, a Balin, Selmar Aschheim da Bernhard Zondek suka gano cewa fitsarin mai ciki na ɗauke da wani sinadari, wanda yanzu ake kira hCG, suka mai da shi gwajin ciki ta hanyar yi wa 'yan ɓeraye allurar fitsarin. Mabiyiya ce ke samar da shi, don haka cikin inabi da sankararsa ma suna zubar da shi, da yawan gaske.

A duk wannan lokaci, ilimin gado yana tafiya kan wata ƙa'ida da ba a ja da ita. Gregor Mendel ya gabatar da aikinsa kan wake a Brno a 1865, aka manta da shi, aka sake tono shi a 1900. Daga cikin abin da ya nuna har da cewa ko daga uwar shuka ko daga ubanta hali ya zo, sakamakon ɗaya ne. Kowane mutum na da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma an ɗauka duk biyun aiki ɗaya suke yi. Ga mafi yawan ƙwayoyin gado kusan dubu 20 da muke da su, gaskiya Mendel ya faɗa.

1955 zuwa 1973: magani ya riga fahimta

A ƙarshen 1955 aka kwantar da wata mace 'yar shekara 24 a Cibiyar Sankara ta Ƙasa da ke Bethesda a Amurka. Koriyokasinoma ta cika mata huhu. A wancan zamani irin wannan majiyyaciya da wuya ta ga ƙarshen shekara. Wani matashin likita ɗan asalin Sin, Min Chiu Li, da ke aiki a sashen Roy Hertz, ya ba ta methotrexate, maganin da ke hana ƙwayoyin jiki amfani da sinadarin folik da suke buƙata don rabuwa. Ta kwana da rai, aka ƙara mata, ƙullutun huhun suka narke, bayan 'yan watanni ta koma gida da ƙafarta. Suka wallafa sakamakon a 1956. Wannan ne karo na farko da magani kaɗai, ba wuƙa ba, ya warkar da sankara mai ƙullutu da ta riga ta bazu a jiki.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni sha'awa. Li yana auna hCG na majiyyatansa a kai a kai yana zana shi a takarda. Ya lura cewa hoton ƙirji kan yi fes, mace ta murmure, amma layin sinadarin bai taɓa ƙasa ba. Ya ce matuƙar ana ganinsa, to akwai sauran ƙwayoyin ciwon a ɓoye, don haka ya ci gaba da ba da maganin, mai tsananin wahalarwa, ga matan da kowa ke ganin sun warke. Shugabanninsa suka ce yana shayar da masu lafiya guba saboda wata lamba a takarda. A 1957 aka sallame shi. Shekaru suka nuna cewa waɗanda aka tsayar wa magani da wuri ciwon kan dawo musu, waɗanda aka bi da su har sinadarin ya ɓace kuwa sun tsira. A 1972 aka ba shi lambar yabo ta Lasker tare da Hertz da wasu. Hanyar da aka kore shi a kanta ita ce ƙa'idar da duniya ke bi yau.

A Landan, Kenneth Bagshawe na asibitin Charing Cross ya ɗauki darasin ya mai da shi tsari. Daga 1973 duk matar da ta yi cikin inabi a Birtaniya ana sa sunanta a rajista, tana aika fitsari ko jini ana aunawa, in sinadarin ya ƙi sauka ko ya fara hawa a kira ta. Da wannan tsari, warkewa ta kusan zama ta kowa a cikin waɗanda ciwon bai yi nisa ba, ta kuma haura kashi 90 cikin ɗari har a waɗanda ya yi nisa. Duk wannan an yi shi ba tare da an san me ke haddasa cikin ba.

1960 zuwa 1977: alamu daga ƙuda, masara da ɗakin tiyata

A 1960 Helen Crouse, tana nazarin wani ɗan ƙaramin ƙuda mai suna Sciara, ta ga cewa ƙwayoyin jikinsa suna iya tantance kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, da ya zo daga uba su jefar da shi. Ta ce lalle akwai wata shaida da ake bugawa a kansa tun yana jikin mahaifi, kamar hatimi. A 1970 Jerry Kermicle na Wisconsin ya ga irin haka a masara: wata ƙwayar gadon launi in ta zo ta uwa, ƙwayar masarar takan rinu gaba ɗaya, in ta zo ta garin fure kuwa sai ta fito dabbare-dabbare. Aka ɗauki waɗannan a matsayin abin mamakin ƙwari da tsirrai, ba a kawo mutum a ciki ba.

Sai abubuwa biyu suka fito daga asibiti, kamar fuska da ƙeya. A 1975 David Linder da abokan aikinsa suka nuna cewa wani ƙullutu da ke tsiro a ma'ajiyar ƙwan mace, wanda in likita ya tsaga yakan tarar da gashi da fata har da haƙora, gadonsa duka na matar ne, babu na namiji ko ɗaya. A 1977 Japanawa biyu, Tadashi Kajii da Koso Ohama, suka duba kuromosom 46 na cikakken cikin inabi suka tarar duka na uba ne. Galibi maniyyi ɗaya ne ya shiga ƙwan da ya rasa nasa gadon, ya ninka kansa. Wani lokaci biyu ne suka shiga tare. Gadon uwa zalla ya ba da sassan jiki babu mabiyiya, gadon uba zalla ya ba da mabiyiya babu jiki. Akwai kuma rabin cikin inabi, mai kuromosom 69, kashi biyu na uba ɗaya na uwa, wanda akan ga ɗan tayi a cikinsa amma ba ya rayuwa. Bambancin na da nauyi: kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na cikakken sukan rikiɗe su buƙaci maganin sankara, na rabin kuwa ƙasa da kashi 5.

1984: ƙwan ɓera a ƙarƙashin madubi

Awanni kaɗan bayan maniyyi ya shiga ƙwan ɓera, in ka duba da madubin ƙara girma za ka ga ɗigo biyu a ciki, na uwa da na uba, ba su gauraya ba tukuna. Azim Surani, haifaffen Kisumu a Kenya, da Sheila Barton da Michael Norris a Cambridge, da kuma James McGrath da Davor Solter a Cibiyar Wistar ta Philadelphia, sun koyi zare ɗigo ɗaya da bututun gilashi da ya fi gashi siranta, su sa wani a gurbinsa. Suka haɗa ƙwai mai gadon uwa biyu, da ƙwai mai gadon uba biyu, suka dasa a mahaifar ɓeraye. Lissafin kuromosom ya cika cif a kowanne. In da ƙa'idar Mendel ta game komai, da an haifi 'ya'ya lafiya.

Ko ɗaya ba a haifa ba. Masu uwa biyu sun yi ɗan tayi mai siffa, ƙarami, amma mabiyiyarsa ta tsumbure, ya mutu wajen tsakiyar ciki. Masu uba biyu sun yi kayan mabiyiya sosai, tayin kuwa da ƙyar ake gane shi. Abin da likitoci suka gani a mata shi ne aka ƙera da hannu a ɓera. Ɗakunan binciken biyu suka wallafa a 1984, kowa da kansa, kuma a 2018 aka haɗa Surani da Solter a lambar yabo ta Gairdner. Sun tabbatar da cewa wasu ƙwayoyin gado na ɗauke da hatimi: kwafi ɗaya ke magana, ɗayan an rufe masa baki, kuma wanda aka rufe ya danganta da ko daga uwa ya zo ko daga uba.

1991: an kama su da suna

Shekara bakwai ana neman ƙwayoyin da kansu, sai uku suka faɗo a shekara ɗaya. A Vienna, Denise Barlow ta nuna cewa Igf2r kwafin uwa kaɗai ke aiki. A Jami'ar Columbia ta New York, Thomas DeChiara da Elizabeth Robertson da Argiris Efstratiadis suka nuna cewa Igf2, mai samar da sinadarin girman tayi, kwafin uba kaɗai ke aiki: in ɓera ya gaji lalataccen kwafi daga uba yakan fito da kimanin kashi 60 cikin ɗari na girman 'yan'uwansa, in daga uwa ya gada kuwa ba abin da ke samunsa. A Princeton, Marisa Bartolomei da Shirley Tilghman suka nuna cewa H19, maƙwabcin Igf2, na uwa ne. Abin dariyar shi ne aikin Igf2r ɗin Barlow: yana kama sinadarin girman da uba ya aiko ya lalata shi.

Hatimin kansa ba wani abu ne babba ba. A 1993 En Li da Rudolf Jaenisch suka nuna cewa ɗan guntun sinadari ne mai suna methyl, kabon ɗaya da haidurojin uku, da ake liƙawa a kan zaren DNA ba tare da an canza rubutun ba. Kuma ba ya dawwama daga kaka zuwa jika. Kwafin da namiji ya gada daga mahaifiyarsa, in ya zo miƙa wa nasa 'ya'yan, ana goge hatimin uwa a buga na uba, kamar buhun hatsi da kowane dillali ke goge shaidar na baya ya sa tasa. Ƙwayoyin gado masu irin wannan hatimi a mutum ba su da yawa, tsakanin ɗari ne zuwa ɗari biyu, kuma da yawansu a mabiyiya suke aiki.

Me ya sa halitta ta zo da tsari mai haɗari haka, a kashe kwafi ɗaya da gangan a bar ɗaya babu madadi? David Haig ɗan Ostareliya da Mark Westoby a 1989, sannan Haig da Tom Moore a 1991, suka kawo bayani. A dabbar da mace ke haihuwa da maza daban-daban, ribar gadon uba ita ce wannan ɗan ya tsotsi iyakar abin da zai iya, ribar gadon uwa kuwa ita ce ta rage wani abu don kanta da 'ya'yan gaba. Don haka na uba ke zuga girma, na uwa ke jan linzami. A 1998 ɗakin binciken Tilghman ya gwada da ɓerayen daji iri biyu na Amurka, ɗaya mai yawan canza abokan barbara, ɗaya mai zaman mace ɗaya namiji ɗaya. In uban daga na farko ne, tayi da mabiyiya sukan yi girman da ya wuce kima, yawanci su mutu. In aka juya, 'ya'yan su fito ƙanana. Ga zancen alfadari ya dawo ta wata ƙofa. Bayanin ya dace da cewa babu wannan hatimi a tsuntsaye, waɗanda uwa ke gama zuba abincin ƙwai kafin uba ya iya cewa komai. Amma bayani ne, ba a rufe muhawara a kansa ba, kuma akwai ƙwayoyi masu hatimi da ba su shiga awonsa.

1963 zuwa 2018: jarirai manya da sankarar ƙoda

Sai mu koma baya kaɗan. A 1963 Bruce Beckwith a Amurka, a 1964 kuma Hans-Rudolf Wiedemann a Jamus, suka bayyana wasu jarirai da ake haifa da girma fiye da kima, harshe ya cika baki, wani lokaci hanji ya leƙo ta cibiya, sukarin jini ya faɗi a kwanakin farko. Uwayensu sukan yi fama da ruwan ciki mai yawa da ƙatuwar mabiyiya, su haihu kafin lokaci. Kuma waɗannan yara sun fi sauran kamuwa da sankarar ƙoda, wadda Max Wilms ya bayyana a 1899, da ta hanta. A 1991 aka gano cewa wasunsu sun gaji wani yanki na kuromosom na 11 sau biyu daga uba, babu na uwa. A wannan yanki IGF2 da H19 suke zaune a mutum.

A 1993 ƙungiyar Andrew Feinberg a Michigan da ta Anthony Reeve a Jami'ar Otago ta New Zealand suka duba ƙullutun sankarar Wilms, har na yaran da ba su da wancan ciwo, suka tarar a mafi yawan waɗanda suka iya tantancewa kwafin IGF2 na uwa, wanda ya kamata ya yi shiru, ya farka. Rubutun gadon lafiya lau yake, hatimin ne ya goge, sinadarin girma ya ninku. Kafin nan an saba cewa sankara lalacewar rubutu ce. Kishiyar abin kuma ta bayyana a 2005, lokacin da Christine Gicquel da abokan aikinta a Faris suka nuna cewa da yawa daga cikin yaran da ke da ciwon Silver da Russell, masu ƙanƙancewa tun a ciki, hatimin uba ne ya ɓace musu a wannan wuri, IGF2 ya yi shiru ta ɓangare biyu.

Amfanin wannan ga iyaye a bayyane yake. Yarjejeniyar masana ta 2018 ta nuna cewa kimanin kashi 8 cikin ɗari na masu ciwon Beckwith da Wiedemann ke samun ƙullutu, amma ba daidai ba: inda matsalar hatimin ta shafi IGF2 kai tsaye haɗarin ya kai kusan kashi 28, inda ta shafi ɗaya ɓangaren yankin kuwa bai kai kashi 3 ba. Masu babban haɗari akan yi musu hoton ciki duk wata uku har su kai shekara 7. Ta fuskar magani kuwa, dole a faɗi gaskiya, buri ya sha ƙasa. Kamfanoni sun kashe maƙudan kuɗi kan magungunan toshe hanyar IGF, amma manyan gwaje-gwajen figitumumab a sankarar huhu an dakatar da su tsakanin 2009 da 2010, linsitinib ma bai ƙara wa masu sankarar glandar saman ƙoda kwana ba a sakamakon 2015, alhali IGF2 ya cika irin wannan ƙullutu.

1995 zuwa yau: linzamin da uwa ke riƙe da shi

In za a zaɓi ƙwaya ɗaya da ta haɗa matsalar ciki da sankara, ni CDKN1C zan zaɓa, wadda likitoci suka fi sani da sunan furotin ɗinta, p57. Ɗakunan Joan Massagué da Stephen Elledge ne suka gano ta a 1995. Aikinta hana ƙwayar jiki ci gaba da rabuwa. Tana yankin nan na kuromosom na 11, kwafin uwa ke aiki. A 1996 aka ga cewa lalacewarta na haifar da ciwon Beckwith da Wiedemann in ta zo ta uwa; a 2012 aka ga cewa in ta yi ƙarfi fiye da kima yaro kan tsumbure tun a ciki. A sankara iri-iri an tarar an rufe mata baki.

Tun farkon shekarun 2000 ta zama kayan aikin yau da kullum a ɗakin gwajin nama. Bayan wankin ciki akan yanka abin da aka kwaso siriri, a shimfiɗa a gilashi, a zuba rinin da ke kama p57. In ɓari ne na yau da kullum ko rabin cikin inabi, ƙwayoyin saiwar mabiyiya sukan fito da ɗige-ɗige ruwan ƙasa, domin akwai gadon uwa. In cikakken ne, saiwoyin sukan fito fayau babu ɗigo, alhali naman uwar da ke gefe ya rinu, shaidar cewa rinin ya yi aiki. Yanzu da sikanin ke kama cikin tun yana wata biyu, kafin ƙulle-ƙullen su girma ido ya gane su, wannan gilashi ne ke raba wadda za a sallama da wadda za a bi sawu.

Batun hawan jinin masu ciki, wanda in ya ƙazanta yake zama jijjiga ko taune-taune, ya fi wuyar warwarewa. An daɗe da sanin cewa in ya bayyana kafin mako 20, a fara zargin cikin inabi. A 2002 Naohiro Kanayama a Japan ya ba da rahoton cewa ɓerayen da ke ɗauke da tayi marasa p57 sun sami hawan jini da furotin a fitsari, wato ciwon ɗa ya kwantar da uwa. An kuma ga mata masu ɗauke da jarirai masu lalatacciyar CDKN1C da suka shiga wannan hali. Sai dai wasu da suka maimaita gwajin ɓerayen ba su ga alamun kamar yadda ya gani ba. A 2005 masu bincike a Holan suka ce sun kama wata ƙwaya mai hatimi da ke haddasa ciwon, STOX1. A 2007 wasu suka nuna ba ta ma da hatimi. Kuma a yawancin mata, matsalar ba wuce gona da iri ba ce, gazawar mabiyiya ce wajen buɗe jijiyoyin mahaifa. Hatimi na da hannu a wasu, amma wanda ya ce shi ne tushen ciwon ya yi gaggawa.

A 2006 Rima Slim da ƙungiyarta a Jami'ar McGill ta Kanada suka warware wani ƙulli da ya fara da wani dangi a Lebanon masu auren zumunci, inda mata ke yin cikin inabi a jere. A nasu, gadon uwa da na uba duk suna nan, amma matar ta gaji lalataccen kwafin NLRP7 daga iyayenta biyu, ƙwanta ba ya iya buga hatimin uwa, sai cikin ya yi kamar na uba zalla. Wannan ya shafe mu, mu da auren gida ya yi yawa a cikinmu, ko da yake abin ba kasafai ba ne. Ya kuma kamata a faɗa a fili, tunda an ambaci gadon uba sau da yawa a nan: cikin inabi ba laifin miji ba ne, ba na mata ba, ba kuma sammu ba.

A Turai da Amurka kimanin ciki ɗaya cikin dubu ne ke zama haka, ya fi yawa a gabashin Asiya, ya kuma fi kama 'yan mata ƙanana da matan da suka haura 40. A wajenmu inda ake tuntuɓe ba a kimiyyar ba ne. Mace ta yi ɓari, an yi mata wankin ciki, abin da aka kwaso ya tafi shara maimakon kwalbar gwaji. Ko an gane, ana buƙatar ta riƙa dawowa awon hCG har ya sauka, sannan galibi a ƙara wata shida, kuma kada ta ɗauki wani ciki a tsakani, domin sabon ciki zai ɗaga sinadarin a kasa gane ko ciwo ne. Faɗa wa amarya da danginta haka ba ƙaramin aiki ba ne. Wasu sai bayan shekara suke dawowa, suna tari da jini, an riga an yi musu watanni ana ba su maganin tarin fuka. Hoton ƙirji ya nuna dunƙule-dunƙule, likitan da ya tuna ya aika a sayo tsinken gwajin ciki a kemis, irin na ko'ina, ya fito da layi biyu alhali mahaifa babu kowa.